Takin da Mati Ya Zuba wa Teku

Mati taubashina ne. Uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara nake tsokanarsa ba mai ce mini don me. Na yi masa tsiya a kan gajartarsa, na yi masa a kan hularsa da ta girmi 'ya'yansa, na yi masa a kan yadda yake cin tuwo kamar ana korarsa. Magana ɗaya ce ban taɓa tsokanarsa da ita ba, kuma ita ce zan ba ku. Ko ni da ba ni na aikata ba, in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Ƙauyenmu yana gabas da Minjibir, inda gida ke jikin gona, gona ke jikin gida. Ƙasarmu ba ta san hutu ba tun zamanin kakanni, abin da ka ba ta shi take mayar maka. Mati ya gaji 'yar gona ce wadda in ka tsaya a wannan iyaka ka yi atishawa, na waccan iyakar zai yi maka yarhamukallahu. Amma da ita ya ci da gidansa. Duk rani yana bayan jaki da mangala, yana kai kashin awaki da toka da sharar gida, ya jibge su tuli-tuli kafin ruwa ya sauka. Geronsa kan fi na kowa kai, gyaɗarsa kan fi ta kowa cika. Ba ya karatun boko, amma ganye yana yi masa magana. In ya kalli masara ya ce yunwa take ji, to yunwar take ji.

Sai dai abin ya zame masa ciwo. Mati ba ya iya wuce tsiron da ya yi ɗorawa-ɗorawa ya ƙyale shi. Yadda wasu dattawa ke yawo da goro a aljihu, shi ƙullin takin yuriya yake yawo da shi a leda. Zogalen matata ya sha, darbejiyar da aka dasa a ƙofar masallaci ta sha, har barkonon wata tsohuwa da ke cikin fasasshen tulu bai tsira ba. Ba ya neman izini, ba ya jiran godiya. Zai tsuguna, ya tona da ɗan yatsa, ya barbaɗa, ya rufe, ya tashi ya kakkaɓe hannu. Na sha ce masa ranar da aka binne ni kada a bar shi kusa da kabarina, kar ya sa mini taki in tsiro.

Ɗansa na fari shi ne Ikrima. A wajenmu ɗan fari abin kunya ne ga iyaye. Ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Yanzu da yawa sun sassauta, amma Mati irin mutanen da ne, ya riƙe abin da hannu biyu. A ɗakin kakarsa Ikrima ya tashi. Ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakin Mati ba. Sai dai "yaron nan", ko "wancan", in ta matsa kuma ya ce "kai" yana kallon bango. Lokacin da Ikrima yake karatun kiwon kifi a makaranta, ni ne ɗan aike. Mati zai zaɓo geron da ya fi kyau a rumbu, ya sa a daka, ya miƙo mini ya ce, "Basiru, in ka shiga birni ka kai wa wancan." In na ce me zan ce masa, sai ya ce, "Me kuwa? Ka ajiye ka taho."

Da Ikrima ya gama, ya sami aiki a Kano wajen wani mutum mai haɗa tankunan gilashi na kifin ado a otal-otal da gidajen masu hali. Can ya koyi kiwon kifin teku. Wata rana sai ga shi da kurkura, babur ɗin nan mai ƙafa uku, shaƙe da kaya, gilashi da bututu da buhunan gishiri da faifan sola. Ya share tsohon soron kakarsa, don ɗakin ƙasa ya fi sanyi, ya kafa tanki a ciki. Ya haɗa ruwan gishiri da hannunsa. Mu da babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu, sai ga teku ta zo ta same mu a soro.

Ranar da ya buɗe wa mutane, har layi aka yi. Akwai 'yan kifaye masu ruwan lemo da ratsin fari, akwai wani shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Amma ba kifin ne jarinsa ba. A kan duwatsu ya jera wasu ƙananan abubuwa, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba, wasu kore, wasu ruwan hoda, suna motsi a hankali. Ya ce murjani ne. Mata suka yi ta salati, don su a wuyan amare suka san murjani, ba su san yana da rai ba. Ya ce zai rene su har su girma, ya riƙa yanka yana sayarwa, ya tsaya da ƙafarsa.

Ni abin da ya ɗaure mini kai yana ƙasa. Ƙarƙashin babban tankin akwai ƙarami, da fitilarsa, ba kifi ba murjani, sai wani dunƙulen ciyawa kamar soson wanka.

Na ce, "Ikrima, wannan gansakukar fa? Ka manta ba ka kwashe ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Baffa, ai ita ce mai sharar gidan. Ciyawar teku ce. Kifi in ya ci zai yi kashi, kashin ya narke a ruwa ya zama wani abu, naitiret. Ɗan'uwan takin zamanin nan ne da kuke sa wa masara. A teku ruwa na da yawa, ba ya taruwa. A nan kuwa ba inda za shi. In ya yi yawa murjani ya dushe, ya mutu. To ruwan yana zagayowa ta nan ƙasa, ciyawar ta shanye takin ta girma. In ta cika sai in yanke rabi in zubar, ka ga na fitar da dattin ke nan."

Na ce, "Wato mu muna neman taki ido rufe, kai kana korarsa."

Ya ce, "Haka ne, Baffa. In ka ga ta fara fari-fari ma, alama ce ruwan ya yi tsabta, ta rasa abin ci."

Duk wanda ke soron ya ji wannan bayani. Mutum ɗaya ne bai ji ba. Mati yana can ƙarƙashin gawo yana gyaran ƙotar fartanyar da ba abin da ya same ta. Ina za a ga uba ya shiga layi yana kallon abin ɗan fari, har yana sauraron bayaninsa? Da na fito na ce masa, "Kai, gajere, ba za ka je ka ga teku ba?" Ya ce, "Ruwa ne dai ko? Na san ruwa." Amma na lura wanda duk ya fito sai ya bi bakinsa da kallo, yana so ya ji me za a ce.

Aka fi shekara ana haka. Murjanin nan suka yi rassa, wasu suka kai tafin hannu. Ikrima ya sami wani mai otal da ya yi alkawarin ɗauka, cinikinsa na farko da sunansa ba da sunan maigidansa ba. Ana cikin damina, an fara maimai, sai maigidan ya tura shi Abuja aikin 'yan kwanaki. Ya bar wa matarsa Huseina amanar soron, ta ba kifi abinci, ta ƙara ruwan da ya tsotse, kada ta taɓa komai ban da wannan.

Abin da ya biyo baya daga bakin Mati na ji shi. Ya ce ranar da Ikrima ya tafi, bayan azahar, ya ga gidan shiru, ƙafarsa ta kai shi ƙofar soro. Huseina na ciki. Tana ganinsa ta durƙusa ta gaishe shi, ta ja mayafi ta fice, kamar yadda suruka ta gari ke yi. Ya tsaya shi kaɗai. Ya ce bai san tsawon lokacin da ya yi yana kallo ba. Ya ce a ransa, ashe yaron nan manomi ne, gonarsa ce dai a cikin ruwa. Ya ce abin da ya ji a ƙirjinsa ranar bai taɓa jin irinsa ba, kuma ba wanda zai gaya wa.

Sai idonsa ya sauka ƙasa, ya ga ciyawar. Ta yi fari-fari, bakin-bakinta ya koɗe.

Ba sai na faɗa muku ba. Hannu ya riga tunani zuwa aljihu. Ya ɗebo da 'yan yatsu ya barbaɗa. Ya ce mini, "Basiru, shekara da shekaru ban taɓa yi wa yaron nan wani abu da hannuna ya gani ba. Na ce wannan dai na iya. Ya dawo ya tarar ta yi kore shar, ba sai ya san wa ya yi ba."

Kuma ta yi koren. Wannan ne ya ƙara rura abin. Ya koma washegari ya ga ta fara farfaɗowa, ya ƙara. Ya sake komawa ya ƙara, daga 'yan yatsu ya koma tafin hannu. A kwanakin nan na gan shi yana tafe yana murmushi shi kaɗai, har na tambaye shi ko ya tsinci dami a kala ne. Ya ce in dai sa ido.

Wata safiya ina duƙe a gona sai na ga mutum a kaina ba hula. Mati ba hula! Ya ce, "Taso ka gani." Muryarsa kaɗai ta sa na yar da fartanya.

Tun daga ƙofa wari ya tare mu. Ruwan da na sani garau ya koma kamar tsarin shinkafa. Kifayen sun taso sama suna haki, shuɗin nan ya riga ya juya ciki. Murjanin sun tsuke, naman jikinsu yana saɓulewa kamar majina, ƙashin ya fito fari fat. A tankin ƙasa kuwa ciyawa ta cika ta batse, kore shar, ko a fadama ban ga kore irin wannan ba. Na ga fararen ƙwayoyi a bakin gilashin. Na kalli aljihun Mati, na kalli fuskarsa.

Na ce, "Mati, ba dai ka sa mata taki ba?"

Ya ce, "Yunwa take ji."

Na ce, "Inna lillahi! Yunwar ake so ta ji! Takin nan shi ne dafin da aka ajiye ta ta shanye. Da bakinsa Ikrima ya gaya mana, kowa ya ji."

Ya ce, "Ni ban ji ba."

Ya jingina da bango ya zame har ƙasa. Na san Mati a rashin uwa, na san shi a shekarar da fari ya cinye gero, ban taɓa ganinsa ya ƙanƙance haka ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, bakina cike da magana, amma da na kalle shi sai na haɗiye. Na ce bari ni in gaya wa Ikrima, ai aike na saba. Ya riƙe gefen rigata ya ce, "Don girman Allah, Basiru, ka bari." Na bari.

Huseina ta riga ta buga wa mijinta waya ta ce ruwa ya gurɓace. Ya baro aikin ya kamo hanya. Ta san wanda ke shiga soron kullum, ta ga ƙwayoyin da na gani. Amma ina matar ɗa za ta buɗe baki ta kai ƙarar uban miji? Ta goge bakin gilashin, ta yi gum, sai kuka.

Kafin Ikrima ya iso an yi asarar da za a yi. Ya tsame kifayen ɗaya bayan ɗaya, ya fito da murjanin ya jera a faranti, farare kamar ƙasusuwan kaza. Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga maganin gwaji. Da can in ya gwada a gabanmu ruwan ɗorawa yake nunawa. Ranar ya yi ja kamar zoɓo. Ya sake, ya sake, duk ɗaya. Ya duba batir, ya duba famfo, ya duba gishirin, ya tambayi Huseina ko ta cika abinci, ta rantse ba ta cika ba, ya kuma yarda da ita.

Ya zauna a dokin ƙofa ya ce mini, "Baffa, ga ciyawa lafiyarta ƙalau, ga naitiret ya kai inda ban taɓa gani ba. Ban gane ba. In abu ya mutu a hannunka ka san dalili, ka koyi wani abu. Ni ban ma san me na yi ba. Ashe ban iya ba, ƙarya nake yi wa kaina. Gara in koma ɗaukar wa oga bokiti, shi na dace da shi."

Na so in gaya masa gaskiya. Alkawarin da na yi wa Mati ne ya hana ni.

Shi kuwa Mati ya ƙaurace wa gidansa. Da asuba ya fice gona, can ake kai masa fura, ya dawo da ita ba a taɓa ba. Ya daina salla a masallacinmu, sai ya taka har unguwar gaba. In ya hango Ikrima a hanya sai ya faɗa cikin dawa kamar ɓarawon akuya. Na same shi a gindin gawo na gaya masa abin da ɗansa ya ce, kalma da kalma, ban rage masa komai ba. Na ce, "Kifi ya mutu, murjani ya mutu, wannan ya wuce. Yanzu kuma zuciyar yaron kake so ta bi su? Ya buga wa maigidansa waya, gobe za a zo a kwashe gilashin." Ya yi ta tona ƙasa da tsinke.

Washegari da hantsi kurkura ta tsaya a ƙofar gida. Ka san ƙauye, kafin a ce kwabo an taru, masu taimako da masu kallo. An tsiyaye ruwan, Ikrima ya hau tsani zai kwance faifan sola. Sai ga Mati daga gona, ƙafafu duk taɓo. Ya ratso mutane ya tsaya a gindin tsanin.

Ya ce, "Ikrima."

Wallahi har direban kurkura sai da ya waiwayo, shi da bai san komai ba, don shirun da wurin ya yi. Wata tsohuwa ta dafe baki. Ikrima ya tsaya cak da sukundireba a hannu, ya leƙo ƙasa kamar bai gane mai maganar ba.

Mati ya zaro ledar daga aljihu, ya ɗaga ta yadda kowa zai gani. Ya ce, "Sauko. Ba kai ba ne, ni ne. Na ga ciyawar ta yi fari na zuba mata wannan. Ba sau ɗaya ba. Ban tambaya ba, don girman kai da kunyar banza. Yarinyar nan ta sani ta rufa mini asiri. Aikinka ba shi da aibu, ni na kashe maka shi."

Ya faɗi haka a gaban mutanen da shekara da shekaru suke kiransa ya duba musu gona. Na ji wani ya fara dariya a baya, ya mayar da ita tari. Ni kaina ƙasa nake kallo, na ji kamar ta tsage in shige.

Ikrima ya sauko a hankali. Ya karɓi ledar, ya juya ta, ya kalli farantin murjanin da ke gefe. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Wahalar fiye da shekara ce a farantin nan, kuma ba wanda zai ce bai ji zafi ba. Can ya durƙusa a gaban ubansa ya ce, "Baba, maimaita."

Mati ya ce, "Na ce ni na zuba..."

Ikrima ya ce, "A'a, Baba. Na farkon."

Mati ya cire hular nan tasa ya rufe fuska da ita. Bai maimaita ba, kuma har yau ban sake jin ya faɗi sunan ba. Kurkura dai ta koma Kano ba kaya.

Cinikin mai otal ya wuce, wani ya samu. Ikrima ya wanke tankin, ya sake haɗa ruwa, ya fara daga 'yan ƙwayoyin gyaɗa kamar farko. Abu ɗaya da ya tsira daga tsohon tankin shi ne ciyawar, da ita ya ci gaba. Mati ya daina yawo da leda. Mutane sun ɗan yi masa waƙa a bayan ido, mai noman teku, sannan suka gaji suka bari. Kwanan baya muna wucewa ta gefen masarata da ta ɗan koɗe, na ga hannunsa ya tafi aljihu, ya dawo wayam.

Yanzu duk ranar da Ikrima zai rage ciyawar sai ya aiko ni, don har gobe ni ne ɗan aiken gidan. Ya ce, "Baffa, ka ce wa Baba ya zo ya gani." Mati zai yi kamar bai ji ba, ya ɗan jima, sannan ya taso. Ba ya shiga. A dokin ƙofa yake tsayawa ya leƙa, Ikrima yana yanka yana bayani da ƙarfi, wai ni yake yi wa. Ciyawar takan yi fari-fari wani lokaci, ina ganin idon Mati a kanta. Hannayensa biyu suna baya, ɗaya ya damƙe ɗaya tamau.